Kada ka ba shi koren littafina

Abban yara,

Na fita kana barci, ina da aji ƙarfe takwas. Shugaban sashenmu ya kira ni sau biyar tun asuba. Ka tuna aikina na lissafin yaɗuwar kwalara, wanda ya cire sunana ya sa nasa don ya tafi taron masana lissafi? To, gobe ne taron. Ɗigon da na sa a saman wani harafi alamar lissafi ce, amma ya ɗauka datti ne, ya sa aka goge, lissafin duk ya rushe. Wai farfesa!

Zai zo neman koren littafina da ke kan firij, don a ciki asalin lissafin yake. Ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, amma ban da littafin. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.