Kawu Tudorel a Gado na Huɗu

Braila, 9 ga Disamba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Kwalbar zacusca, miyar nan ta gauta da tattasai da kika aiko, ta iso, abokan aiki har sun cinye rabi. Ni lafiyata lau, sai gajiya.

Ba zan zo Kirsimeti ba, kada in kawo miki cutar huhun nan da ke yawo gida. Amma ba shi ya sa na rubuto ba. Na san in a waya ne, ina ambatar sunan za ki kashe. Yayanki, Kawu Tudorel, yana asibitin da nake aikin jinya, a sashenmu na masu tsananin ciwo, gado na huɗu, yau kwana shida. Cutar ta kama masa huhu duka biyu. An zura masa bututu a maƙogwaro, inji ke hura masa iska.

Matsalar ita ce ya ƙi bin injin. Inji ya tura iska, shi ya turo ta waje. Inji ya gama, shi ya sake ja, sai iskar ta yi wa huhun yawa, ga shi dama ya yi laushi. Haka huhu ke yagewa, Mama. Ƙararrawar injin ba ta yin shiru, jijiyoyin wuyansa a miƙe, gumi sharkaf. Dakta Anghel, shugabarmu, ta ƙara masa maganin barci, amma shi ma yana da iyaka. In ya yi yawa, naman da mutum ke numfashi da shi sai ya yi sanyi, rabuwa da inji ta yi wuya.

Da ta ji kawuna ne, sai ta ce, "Ashe taurin kan naki na gado ne, Viorica. Mutum a sume ma yana gardama!"

Na san shekara goma sha ɗaya ba ku magana, tun jana'izar Kaka. Ban ce ki yafe ba. Na dai fi son ki ji yanzu.

'Yarki,
Viorica

Braila, 22 ga Disamba

Mama,

Ina gaishe ki, ina fatan itacen hura wuta ya wadata. Ba ki ba ni amsa ba, amma maƙwabciyarki Tanti Rodica ta ce ta gan ki a coci kina kunna kyandir a ɓangaren da ake yi wa masu rai addu'a, ba na matattu ba.

Ranar Alhamis ɗin can na ja kujera na zauna kusa da shi awa guda, hannuna a kan cikinsa, idona a allon injin. Sai na lura wani lokaci injin yana hurawa alhali cikinsa bai motsa ba. Ashe ruwa ne ya taru a lanƙwasar bututu yana girgiza, injin ya ɗauka numfashi ne. Na zubar. Sannan na nuna wa Dakta cewa jan numfashinsa ya fi na injin tsawo, yana tsakiyar ja ake katse shi. Ta ƙara masa lokaci kaɗan, ta sake ƙarawa. Kafin yamma ƙararrawa ta yi shiru, wuyansa ya saki. Na shiga ɗakin ajiye kaya na yi kukana, na dawo aiki. A makon nan ɗin mun rasa mutumin gado na biyar, shekararsa arba'in da biyu.

Ranar Litinin aka cire wa Kawu bututun. Ya daɗe yana kallona, fuskata rufe da takunkumi, sannan cikin dusasshiyar murya ya ambaci sunanki ya ce, "'Yar Saveta ce? Wannan harara ba ta ɓuya. Ki ce mata ta ninke baƙaƙen kayan makokin, da saura."

Yanzu ko cokali da ƙyar yake ɗagawa. Zai yi wata uku kafin ya iya hawa bene, gidansa kuwa hawa na huɗu ne, kuma shi kaɗai yake. Da aka tambaye ni inda za a kai shi, adireshinki na bayar. Na gaya masa, ya juya fuska bango, amma bai ce a'a ba.

Motar asibiti za ta iso ranar huɗu ga Janairu da hantsi. Ki hura wuta a ɗakin baya tun da wuri.

'Yarki mai ƙaunarki,
Viorica