Ƙafar Hagun Yaya Mahbub

Unguwar Tudu, Gwarzo
Litinin, 3 ga Yuni

Yayana Mahbub,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙafar? Ka gaishe min da Gwaggo Marka da duk mutanen Gammo. Baba da Inna suna lafiya, mun gama shukar dawa ranar Alhamis.

Tun da ka kashe wayarka don kada 'yan ƙungiyarku su san inda kake, ba ni da hanyar yi maka magana sai takarda. Na ba Jalo direba, ya ce in ya zo wucewa ta Kabo zai aika wa Gwaggo. Har na ji kamar ina cikin ɗaya daga littattafan da kake min tsiya a kansu. Sai dai su can masoya ne ke aike, ni kuwa yayana nake rubuta wa, mai ƙafa a ɗaure da kara.

Yaya, ranar Asabar an yi shirin wasanni a rediyo a kan ƙungiyarku ta Damisa. Sun ce a wasa goma sha huɗu na kakar ƙwallon kwandon bana uku kawai kuka ci, kuma kwamiti zai zauna ranar ashirin ga wata ya tantance wanda zai zauna da wanda za a sallama. Koci Lukuman ya ce shi ya yi iya yinsa, wasu 'yan wasan ne suka yi sanyi. Sai wani ya bugo waya ya ce, “Ai dogon nan na Gwarzo ne, mai lamba goma sha ɗaya. Ya ƙoshi. Tafiya yake a fili kamar mai zuwa ɗaurin aure.” Mai gabatarwa ya yi dariya. Koci bai ce a'a ba.

Baba yana zaune a kan tabarma. Ka san ba ya kama sunanka tun da kai ne ɗan fari. Ya kashe rediyon, ya ɗauki fartanya ya fita, ga shi rana ta take. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka har Inna ta ce ko littafin ne ya ƙare da mutuwa.

Me ya sa ba za ka faɗa musu gaskiya ba? Ni fa na kalli wasanninku duka a wayar ƙawata Badi'a, wasu har sau uku, kuma na rubuta komai a bayan littafina na Kimiyya. Na san ba lalaci ba ne.

Ka huta lafiya. Allah ya ba ka sauƙi.

Ƙanwarka,
Zinnira

*

Gammo, Kabo
6 ga Yuni

Zinni,

Wa alaikumus salam. Na gode. Gwaggo tana amsawa, ta ce ki daina kuka kada idon ya ƙara ƙanƙancewa.

Ƙafa da sauƙi. Malam Haladu mai ɗori ya ce tsagewar ƙashi ce a idon sawu, ya gyara, ya shafa man shanu, ya ɗaure. Ya ce nan da sati biyu zan taka. Kin ga ke nan ranar ashirin zan shiga gaban kwamiti da ƙafafuna, ba wanda ya san komai.

Ki saurare ni da kyau, Malama mai littafi. A kwantiraginmu an rubuta cewa duk wanda ya ji rauni ya gaya wa likitan ƙungiya a ranar. Ni ban faɗa ba. Bara da Badaruddeen ya faɗa, suka ajiye shi a benci, suka kawo wani, har yau bai sake saka riga ba. Shi ya sa na daure na buga sauran wasannin a haka. Malalaci ana yi masa faɗa a bar shi. Wanda ya ɓoye rauni, kuma ya kai wa mai ɗori, wannan kora ce kai tsaye.

Don haka ki bar mai rediyo ya yi surutunsa. Ki yi min alkawari ba za ki gaya wa kowa na ji ciwo ba, kuma ba za ki faɗi inda nake ba. Ko Badi'a. Musamman ma Badi'a.

Ki gaida Baba da Inna.

Yayanki

*

Unguwar Tudu, Gwarzo
Litinin, 10 ga Yuni

Zuwa ga Shugaba da Membobin Kwamitin Ƙungiyar Damisa,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, Allah ya ƙara muku lafiya da ɗaukaka. Ku gafarce ni, ni yarinya ce 'yar aji biyar a sakandare, ban taɓa rubuta wa manya takarda ba, kuma ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Amma na kalli wasanninku na bana gaba ɗaya, na rubuta abin da na gani, kuma na ji an ce za ku yi hukunci.

Zan fara da kyaftin Zayyad. Yana da kyawun jifa, kuma ya sani. A wasa biyar na ƙarshe ya yi jifan nesa sau arba'in da ɗaya, tara suka shiga. Sau da yawa akwai ɗan uwansa tsaye a ƙarƙashin kwando ba mai tsaronsa, yana ɗaga hannu, amma kyaftin ba ya kallonsa. Ba na cewa mugu ne. Ina ganin yana son ya zama shi ne ya ceci kowa, kuma hakan ya yi masa nauyi.

Mai lamba huɗu yana da gudu amma yana tsoron a bangaje shi. Mai lamba bakwai shi ne ya fi kowa ƙoƙari wajen tsaro, ba a taɓa ambatonsa a rediyo ba.

Koci Lukuman, Allah ya ba shi haƙuri, ba ya neman a tsayar da wasa sai ruwa ya riga ya ci 'yan wasansa. A Jos abokan karawa sun ci maki goma sha shida a jere yana tsaye da hannu a aljihu. Kuma mutum biyar ɗin nan su yake bari har sai sun kasa numfashi, alhali ga wasu bakwai a benci suna kallo kamar ni.

Ku ma, ranku ya daɗe, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wasa huɗu daga cikin na waje, mai sharhi ya ce motar ƙungiya ta iso saura ƙasa da awa ɗaya a fara. Mutum ya sauko daga doguwar tafiya ƙafarsa a sanƙare, a ce ya yi tsalle?

Sai mai lamba goma sha ɗaya, Mahbub, wanda ake cewa ya ƙoshi. Ba zan ɓoye ba, yayana ne. A wasa shida na farko, duk ƙwallon da ta daki kwando ta dawo, shi ne ya fi kowa cafewa, bai taɓa yin ƙasa da goma ba. A wasa na bakwai, a Bauchi, saura minti uku a tafi hutun rabin lokaci, ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafar wani. Ku sake kallo. Daga ranar bai sake tashi sama da ƙafar hagu ba, da dama kawai yake tashi. Bai sake juyawa ta hagu ba. Duk da haka bai nemi a cire shi ko sau ɗaya ba, ya buga wasa bakwai cif a haka. Malalaci ba ya yin wannan. Ban ce komai ya same shi ba, abin da ido ya gani kawai na rubuta.

Ina roƙonku don Allah ku duba kafin ku yanke. Allah ya yi muku jagora.

Taku cikin ladabi,
Zinnira, ƙanwar Mahbub

*

Unguwar Tudu, Gwarzo
Alhamis, 13 ga Yuni

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ya ƙarfin jiki? Ina fata ka fara takawa.

Na yi wani abu, kuma tun ranar Litinin nake son faɗa maka. Na rubuta wa kwamitinku takarda. Jalo ya kai ta ofishinku a Kano, ya ce ya damƙa ta a hannun sakatare, Alhaji Zainulabidin.

Kada ka ji tsoro, ban karya alkawari ba. Ban ce ka ji ciwo ba, ban ambaci Gammo ba, ban ambaci Malam Haladu ba. Na faɗa musu laifin kowa ne kawai, har nasu, na kuma nuna musu kai ba malalaci ba ne. Sau huɗu na kwafe ta don rubutun ya yi kyau.

Ina ta hasko yadda za ta kasance. Shugaban zai karanta, ya cire tabarau, sannan ya ce a kira masa yaron nan. Ranar Asabar mai rediyo zai nemi afuwa, Baba yana zaune yana ji. Wannan karon, na sani, ba zai kashe rediyon ba.

In ka yi fushi ka yi kaɗan, don Allah.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Zinnira

*

Gammo
16 ga Yuni

Zinnira,

Salam. Takardarki ta iso jiya da safe. Mutanen ƙungiya kuma sun riga ta, shekaranjiya suka zo.

Ina kwance a zauren Gwaggo, ƙafa a miƙe a kan buhun masara, Malam Haladu yana kwance ɗaurin zai sake sabo, sai ga farar mota a ƙofar gida. Alhaji Zainulabidin da likitan ƙungiya. Jalo ne a gaba yana washe baki, wai ya rako manyan baƙi. Tambayarsa kawai suka yi ina kake kai sauran takardun yarinyar nan, ya ce ai ku biyo ni.

Gwaggo ta ɗauka dubiya suka zo. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama fura. Malam Haladu kuwa ya ga likita, sai ya shiga bayani, wai ƙashin ya kai wata biyu da tsagewa, da an kawo masa da wuri da tuni an wuce wurin. Likitan yana rubutawa.

Alhaji ya fito da takardarki daga aljihu. Ya ce sun saka wasan Bauchi sun kalla, saura minti uku a tafi hutu, daidai inda kika ce. Ya ce su mutum tara a kwamiti, da koci, da likita, ba wanda ya lura. Ya ce, “Ƙanwar taka ta fi mu ido.” Har dariya ya yi.

Kin ce ba ki karya alkawari ba. Gaskiya ne, ba ki ce na ji ciwo ba. Minti kawai kika ba su da ƙafar.

Gobe za su kai ni Kano a ɗauki hoton ƙashi. Ranar ashirin kwamiti.

Mahbub

*

Unguwar Tudu, Gwarzo
Talata, 18 ga Yuni

Yaya Mahbub,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara gaishe ka ba. Yaya ƙafar? Me hoton ya nuna?

Na karanta takardarka a bayan rumbu don kada Inna ta ga fuskata. Wallahi Yaya ban yi tunanin haka ba. Ni dai maganar mutumin nan da ya bugo waya a rediyo ce ta tsaya min a wuya, da yadda Baba ya fita da rana. Na ɗauka in suka ga abin da ka daure a kansa za su ji kunya. Ban tuna su ma suna da abin da suke karewa ba. Na faɗi laifin koci, na faɗi nasu, sai na miƙa musu naka a rubuce da lokacinsa. A cikin duka, naka ne kaɗai aka rubuta hukuncinsa a kwantiragi, kuma ka riga ka gaya min.

Jiya na gaya wa Baba komai. Na durƙusa a bakin ƙofarsa, muryata ba ta fita sosai, sai da ya ce in maimaita. Sannan ya ce, “Wasa bakwai ya yi a kan karaya?” Na ce e. Ya ce, “Shi ke nan, tashi ki je.” Da la'asar na ji yana tambayar Inna ko akwai sauran zuma a aika Gammo.

In kana so zan sake rubuta musu in ce ƙarya na yi, ban iya kallon wasa ba, yarinya ce ni mai karance-karancen banza. Ka faɗa min kawai. Ko kuma ka zage ni. Shirunka nake tsoro.

Ka yafe min don Allah.

Zinnira

*

Gammo
21 ga Yuni

Zinnira,

Wa alaikumus salam.

An sallame ni. Koci yana nan, kyaftin yana nan, kwamiti ma yana nan. Likita ya ce ƙashin ya haɗe a karkace, zan yi tafiya lafiya, tsalle kuma sai abin da Allah ya yi.

Kada ki rubuta musu komai. Ba ki yi ƙarya ba, kada ki fara saboda ni.

Zuma ta iso, ki yi wa Baba godiya. Ki ce masa zan zauna wurin Gwaggo har kaka. Maganar yafiya na ji. Ki ba ni lokaci, kuma kada ki sake aiko takarda sai na aiko.

Yayanki,
Mahbub