Muryoyin Ungozomomi a Cikin Kwantena

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da iyalinka, ya jikin ƙaramar taku da haƙoran da ke fitowa? Yayanka zai gaishe ka in ya gama faɗa da famfon banɗaki.

Ba zan kira ka a waya ba, don a waya katse ni kake yi da "na gane, na gane" tun ban kai ga maganar ba. Zauna ka karanta.

Ka san ma'adanar kwalejinmu ta koyon jinya da ke intanet, wadda na ƙare ƙuruciyata ina cikawa. Akwai ayyukan ɗalibai, akwai tsofaffin mujallu da na ɗauki hotonsu shafi-shafi, akwai kuma muryoyin ungozomomin da suka yi ritaya, waɗanda na bi gida-gida na naɗa suna ba da labarin haihuwa mai wuya da yadda suka yi da ita. Duka suna zaune cikin tsohuwar na'urar nan ta ɗakin ƙarƙashin bene. To, sabon Shugaba yana son ɗakin. Ya kawo wani kamfani, suka leƙa na'urar daga bakin ƙofa kamar masu gudun kamuwa da cuta, suka ce manhajar ta tsufa, ba za ta tashi a kan wata na'ura ba. Za su gina sabon shafi su kwashe ayyukan ɗalibai, muryoyin kuma "sai a gani". Na tambayi Shugaba ma'anar sai a gani. Ya ce, "Malama, tsakani da Allah, wa yake sauraron tsofaffin nan?"

Auta, na karanta littattafai masu yawa a kan haƙuri. Ranar babu ko ɗaya da ya zo mini a kai.

Kada ka ce in kwafe muryoyin a faifai. Na kwafe. Sun fito tsirara, kowace da lamba a matsayin suna. Wace ce take magana, a wane asibiti ta yi aiki, wace haihuwa take faɗa, duk wannan yana cikin manhajar. Kuma rabin matan nan sun riga mu gidan gaskiya, ba zan iya komawa in tambaye su ba.

Ƙarshen wata kwamitin kwaleji zai zauna a kan maganar. In na nuna musu ma'adanar tana aiki gaba ɗayanta ba a kan waccan na'ura ba, hujjar kamfani ta rushe. In ban nuna ba, za a zare wa na'urar wayar wuta. Na karanta cewa ku masu wannan aikin kuna ɗaukar shafi ɗungurungum ku zuba shi cikin abin da kuke kira kwantena, ya tashi a kan kowace kwamfuta. Ina da laftof, ina da taurin kai. Sauran yana wajenka.

Ka gaida mutanen gida. Na gode tun kafin ka yi.

Matar Yayanka

*

Zuwa ga Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, haƙora sun fito, yanzu cizo ake sha. Na gane, na gane.

Ranki ya daɗe, abin zai yiwu. Kwantena ba wani abin tsoro ba ne. Manhajarki tsohuwa ce mai son ɗakinta yadda ta saba, in aka kai ta sabon gida sai ta ƙi motsi. Mu kuma sai mu gina mata ɗaki irin nata sak a cikin laftof ɗinki, da duk tsofaffin kayan da ta sani, mu rufe ƙofa. Ba za ta ma san an yi ƙaura ba.

Na haɗa miki ɗakuna biyu, ɗaya na manhajar, ɗaya na rumbun bayanai. Muryoyin da hotunan su zauna a waje, kwantenar tana leƙo su, don duk abin da aka bari a cikinta yana iya tafiya ranar da aka rushe ta. Umarnin yana haɗe da wannan saƙo. Ki buga su yadda suke, ban da gyaran nahawu.

In ya tashi, kwafi ne, naki ne. Ki fasa, ki goge, ki yi yadda kika ga dama, babu abin da zai taɓa na gaske.

A gaida Yaya, a ce masa ya kira mai gyaran famfo.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Salama, kuma iyakar gaisuwar ke nan yau.

Bari in fara da daɗin, don ban da shi da ba ka ga wasiƙa ba sai dai ka gan ni. Ya tashi. A kan teburin cin abinci, tsakanin kofin shayi da littafin lissafin yara, shafin ya buɗe da hoton ƙofar kwaleji da komai. Na danna wata murya, ta yi magana. Yayanka ya fito da sifana a hannu yana tambaya wa ya zo. Na yi maka addu'ar da ban taɓa yi maka ba.

Sai na tuna maganarka: ki fasa, ki goge. Na ce bari in gwada abin da kamfani yake shirin yi, in cire sashen muryoyin duka in ga ayyukan ɗalibai nawa ne za su rasa abin da suka jingina da shi, in kai wa kwamiti. Na goge. Na rubuta abin da na gani. Na tafi aiki da safe raina fes.

Ashe tsohuwar taka da ba ta san an yi ƙaura ba, ba ta san ita kwafi ba ce! Al'adarta ce duk sanda aka cire wani abu ta aika wa mai shi imel. Ta kuwa aika. Duk adireshin da na rubuta lokacin naɗa, na matan da na 'ya'yansu da na jikokinsu, kowa ya samu saƙo da sunan kwaleji cewa an cire abin da ya ajiye.

Kafin azahar wayar laburaren da nake aiki ta yi zafi. Wani mutum ya kira ni daga wata ƙasa, ya ce mahaifiyarsa ta rasu bara, muryarta da ke wajenmu ita kaɗai ta rage masa, da izinin wa muka zubar? Na rantse masa tana nan. Ya ce to me ya sa aka ce masa babu? Ka faɗa mini abin da zan ce masa, Injiniya. In ce masa ƙanin mijina ya gina ɗaki ya manta da taga a buɗe?

Shugaba ya kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce na yi amfani da sunan kwaleji na tunzura jama'a, da gangan, don in ɓata masa shiri. Ya karɓe makullin ɗakin ƙarƙashin bene. Ya ce maganata ma za ta shiga cikin abin da kwamiti zai duba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da na yi da gangan ɗin da ya fi sauƙi, da na san na yi wayo. Yanzu ga ni ba wayo ba makulli.

"Babu abin da zai taɓa na gaske." Na maimaita wannan jimlar taka har Yayanka ya koma cin abinci a tsakar gida.

Matar Yayanka, wadda ba ta gaishe ka

*

Zuwa ga Matar Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki ko ba ki amsa ba.

Laifina ne, babu rabi babu kwata. Na kwafo saitin tsohuwar na'ura gaba ɗaya, har da hanyar aika imel, ban toshe ta ba. Abu na farko ke nan da ake toshewa, kuma na sani. Ga gyara a haɗe: yanzu duk saƙon da ta aika zai faɗa wani akwati a cikin laftof ɗinki, ba zai fita ko nan da ƙofa ba. Na sa kan shafin ya zama ja wur, don ki riƙa bambanta shi da na gaske. Ga kuma yadda za ki dawo da muryoyin cikin kwafin, ba su je ko'ina ba.

Na rubuta wa Shugabanku bayani da sa hannuna cewa kuskuren nawa ne. In kin yarda ki miƙa masa.

Ranar kwamiti ki yi abu ɗaya. Tun da makulli yana hannunsa, ki roƙe shi ya kashe tsohuwar na'ura da kansa, ke kuma ki yanke intanet ɗin laftof a gabansu, sannan ki buɗe. In ta tashi a haka, babu mai sauran magana.

Yaya ya ce ba kya cin abinci. Ki ci. Zagin yana buƙatar ƙarfi.

Ƙaninki mai laifi

*

Zuwa ga Autanmu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da matarka, da mai cizo. Ka lura gaisuwa ta dawo.

Duk wanda aka aika wa wancan saƙo na bi shi na ba shi haƙuri, na faɗa masa gaskiya: ba a goge komai ba, kuskure ne. Wasu suka tambaye ni, to me ya sa kike gwada gogewa? Ban yi ƙarya ba, ban kuma gayyaci kowa ba. Amma ranar kwamiti na tarar da barandar ofis cike, har an kwaso benci daga aji.

A cikinsu akwai wadda ɗalibai suke kira Uwar Ɗakin Haihuwa, ta fi tamanin, 'yarta tana riƙe da hannunta. Ba ta jira an kira ta ba. Ta tura ƙofa da sandarta, ta tsaya a kan Shugaba ta ce, "Yaro, kai ne mai zubar da ni?" Ya miƙe ya ce, "Mama, ba haka ba ne." Ta ce, "Zauna, ba tsayinka na zo gani ba." Magatakardan kwamiti ya yi tari ya ɓoye fuska a cikin fayil.

Na miƙa takardarka, aka karanta. Na yi yadda ka ce. Shugaba ya aika aka kashe na'urar, ɗan kamfani ya duba wayarsa ya tabbatar shafin ya mutu. Na yanke intanet, na juya musu laftof. Auta, sai da na maimaita umarnin, don na farko na buga shi ba daidai ba. Baƙin allo ya yi ta zubo rubutu, yana zubowa, ni kuma ina karanto duk addu'ar da na iya. Sai ga jan kan nan naka mai muni ya bayyana. Ban taɓa ganin kala mai kyau irinsa ba.

Na nemo sunanta na danna. Muryarta ta cika ɗakin, tana ba da labarin jaririn da ya zo da ƙafa ranar da likita ba ya gari, da yadda ta juya shi. Ta saurara kanta a sunkuye. Can ta ɗago ta ce, "Nan na manta ban faɗi cewa uwar ta cije ni ba." Ɗakin ya ɓarke da dariya, har Shugaba. Sai wata malamar aji da ke cikin kwamiti ta ce ita duk shekara da wannan muryar take koyar da wannan darasi. Ta daɗe tana yi, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Ɗan kamfani ya matso ya duba, ya tambaye ni wa ya haɗa. Ya ce in dai tana tashi a haka, za su iya kwashe komai daga nan, da bayanansa. Ba mugu ba ne ashe, ragwanci ne kawai da tsoron ƙura.

An yanke cewa muryoyin za su koma sabon shafi duka, kuma ni zan duba kafin a karɓi aikin. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata. Ban yi gardama ba. Mutumin nan na wata ƙasa ya kwana yana zaton mahaifiyarsa ta sake mutuwa, wannan ya ci takarda.

Ban iya godiya ba, ka sani, bakina ya fi sabawa da ɗayan aikin. Amma ka tsaya mini, ka ɗauki laifinka da hannu biyu ba ka ce ni na danna ba, alhali ni na danna. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya raya maka zuri'a. Na gode, Auta. Ka ajiye wannan wasiƙar, don ba lallai ka sake samun irinta ba.

Matar Yayanka

*

Zuwa ga Matar Yaya,

Amin, amin. Na karanta wa matata, ta ce in tabbatar ke ce kika rubuta.

Sabon shafin ya hau, na shiga na saurara. Uwar Ɗakin Haihuwa na fara nema. Ina cikin ji ta ambaci sunan unguwarmu ta dā, da gidan mai ɗinki na kusa da asibiti, da shekarar da aka haife ni. Na kira Yaya. Ya ce eh mana, kowa ya sani da ƙafa na zo, ya ɗauka an faɗa mini.

Ki tambayar mini 'yarta ko zan iya zuwa in gaishe ta. Akwai cizon da ya kamata wani daga gidanmu ya ba da haƙuri a kansa.

Ƙaninki, Auta