Ɗigon da Na Bi Har Gwiwa

Zuwa ga Mu'minat, sanyin idona, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata, wadda sunanta ke zuwa bakina ko ban kirawo shi ba. Amincin Allah ya lulluɓe ki, ke da Baba da Inna da duk wanda ke gidanku, har da Gwaggo Tasalla, duk da irin tonon asirin da ta yi mini.

Masoyiyata, ga ni da biro da takarda, ni Ɗayyabu da nake yini ina buɗe cikin wayoyin mutane a kasuwar Babura. Ba ni da wata hanya, tunda kin rantse ba za ki ƙara karɓar ko harafi ɗaya daga gare ni ta waya ba. Na naɗe wasiƙar nan a cikin littafinki, zan ba ƙawarki Shahida ta mayar miki. Ki daure ki karanta har ƙarshe, in ya so ki yaga.

Kin tuna yammacin nan na farkon damina da muka zauna a bakin dam na Kazaure? Hadari yana haɗowa daga gabas, iska tana wasa da gefen mayafinki, kina cin soyayyen kifi kina ba ni labarin ɗalibanki. Ranar na miƙa miki sabuwar waya, kika yi murmushin da har yau yake hana ni sukuni, kika mayar mini da ita kika ce in saita miki, ai ni ne gwani. Kina kallon ruwa, ni kuwa yatsuna suna cin amanarki. Na saka wata manhaja na ɓoye ta, wadda za ta riƙa nuna mini inda kike a kan taswira. Na ce wa kaina don tsaronki ne, hanyoyi ba su da tabbas yanzu. Ƙarya nake yi. Kishi ne tsagwaronsa.

Wata uku ina zaune da ɗan shuɗin ɗigo a tafin hannuna. Da safe in gan shi ya tafi makaranta, da azahar ya koma gida, in ji sanyi a raina. Amma duk Asabar sai ya tafi zauren nan da kuke taruwa kuna karanta littattafai, ya zauna awa biyu cur, kuma na san wanda ke jan zaman. Malam Zaharadeen! Mutumin da kike ambato sau uku kafin mu gama gaisawa. Malam Zaharadeen ya ce kaza, Malam Zaharadeen ya aro mana littafi kaza. Me yake da shi da ba ni da shi, ban da tabarau da jakar littattafai? Shi ya taɓa rufe shago ranar kasuwa don ya zo ya gan ki na minti goma? Ina gyara wayar wani, zuciyata tana tafasa, har na taɓa ƙona yatsana da ƙarfen liƙi ban ji ba.

Sai Asabar ɗin nan da ta wuce, ɗigon ya bar Kazaure ya miƙi hanyar Gwiwa, ya shiga wani gida ya yi zamansa. Gwiwa fa, garin su Malam Zaharadeen. Wallahi ban san lokacin da na bar wani baƙo daga Nijar da wayarsa a warwatse a kan tebur ba. Na hau babur, ruwa ya yi mini dukan tsiya a hanya, na isa jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwar wando, bakina cike da maganganun da zan gaya muku ke da shi. Na tarar da gida maƙil da mata, ashe taron suna ake yi. Na roƙi wata baiwar Allah ta yi mini sallama da ke. Wa zai fito? Gwaggo Tasalla, wayarki a hannunta, ta aro ta don ta ɗauki hoton jaririya tunda tata ƙarama ce mai madannai. Ni da nake gani kullum yadda waya ɗaya ke zagaya gida guda, yau a hannun uwa, gobe a hannun ƙanwar uba, kishi ya mantar da ni. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni wa ya gaya mini nan gidan, alhali ko Inna ba ta san ƙofarsa ba. Bakina ya suɓuce na ce wayar ce ta nuna mini. Kafin la'asar babu macen da ba ta ji ba.

Yanzu ga inda muke. Juma'ar nan ya kamata kawunnaina su zo a sa mana rana, Baba ya aiko cewa su dakata, maganar tana hannunki. Ke kuwa ba ki zage ni ba, ba ki yi kuka a gabana ba. Kin aiko mini da wayar a cikin leda, tare da littafi ɗaya.

Na karanta shi, abar ƙaunata, ni da Turancina bai wuce na bayan kwalin waya ba. Kwana huɗu ina fama. Na ga garin nan da mai mulki ya ɗaura wa kowa awarwaron ƙarfe da ke gaya wa fada inda yake, ba mai zuwa gaisuwar mutuwa ko ɗibar ruwa sai an rubuta, kuma kullum ana shelar cewa don lafiyarsu ake yi. Na ga yadda mutane suka daina dariya da ƙarfi, suka daina yarda da maƙwabtansu. Da na zo kan wannan shela na rufe littafin, don kalmomin da na gaya wa kaina ne a bakin dam. Sai na iso shafin da kika ja wa layi biyu, inda matar nan ta zare awarwaronta ta ɗaura wa akuyarta, ta tafi bakin rafi ta zauna ita kaɗai, don ta ji yadda zama yake ba ido a kanta.

To, Mu'minat, nan ne wutar ta sake tashi. Allah ya ba Gwaggo haƙuri, ban ce ita akuya ce ba. Amma da gangan kika ba ta wayar? Kin riga kin gane abin da na yi ne kika bar ni in bi iska har Gwiwa? In haka ne, ke ina kike a ranar? Kuma a gefen shafukan akwai rubutu iri biyu, naki da shuɗin biro, wani da baƙi, ƙanana, a karkace. A shafi guda ke kin rubuta tambaya, shi ya amsa miki a ƙasa. Na ɗauko gilashin da nake duba ƙananan wayoyin cikin waya da shi, na duƙufa a kan baƙin rubutun ina auna kowane harafi. Ina cikin haka na ga kaina, a sunkuye, da gilashi a ido, ina binciken macen da ta aiko mini da littafi a kan masu bincike. Kunya ta rufe ni, na ajiye.

Ba zan ce miki kishin ya tafi ba. Yana nan, yana ci na kamar gara a cikin azara. Abin da zan iya shi ne in hana shi idanu. Na goge manhajar daga wayarki da tawa, a gaban Shahida. Ba zan tambaye ki inda kike a Asabar ɗin nan ba. Ba zan tambaye ki wane ne mai baƙin biro ba, ko da zan mutu da tambayar a maƙogwarona. In kin yarda kawunnaina su zo, ki gaya wa Baba da bakinki. In kin ƙi, ba wanda zan aika ya bi sawunki ya ji dalili.

Hasken raina, a wannan lokacin da nake rubutu ban san inda kike ba. Ko kina aji, ko kina gida, ko kina zauren nan kina dariya da wani, ban sani ba, kuma ba ni da hanyar sani. Yana ƙona ni ƙwarai. Haka zan zauna a cikinsa har ranar da kika ga dama ki gaya mini da kanki.

Naki, wanda ba zai kalli wata ba ko da babu mai kallonsa, har ƙasa ta rufe idonsa,

Ɗayyabu
Babura