Ƙoshin da Ba Ki Taɓa Ji Ba, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce 'yarki Ladidi, daga ɗakina a Anguwar Juma.

Na san ba za ki karanta wannan ba, amma ke kaɗai za ki gane irin tsoron da nake ciki.

Jikinki na ɗauko kaf, Inna. Atamfarki da aka ba ni a rabon kayanki, wadda a da take zagaye ni har ta yi saura, yanzu da ƙyar take haɗuwa. In na taka zuwa Ƙofar Doka don hawa motar Tukur-Tukur, inda nake koyarwa, sai na dafa katanga ina haki. Mata suna ta yaba mini, wai maigidana ya iya riƙo. Haka suka riƙa yaba miki.

Ina tuna ki a tsakar gida, gaban kaskon funkason da kike sayarwa, kina toyawa kina kaiwa baki. In an gama tuwo ki haɗa sauran namu ki cinye, kina cewa, "Ni fa ban san ƙoshi ba, sai dai kwano ya ƙare." Mu yi ta dariya. Wasa muka ɗauke shi.

Watan jiya jiri ya kwashe ni ina tsaye gaban allo, aka kai ni asibiti. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ɗora ni kan sikeli, ta auna jinina, ta ce suga ya fara hawa, ƙibar ce kuma ke tura shi. Na zaci za ta hana ni ci. Sai ta tambaye ni wane abinci ne ya fi riƙe mini ciki. Na ce ni duk ɗaya ne a wurina. Ta ce kwano biyu kan zo daidai a cika, amma ɗaya ya zauna a ciki, ɗaya ya wuce kamar ruwa. Ta ce in riƙa karyawa da abu daban kowace safiya, in lura da sanda yunwa ke dawowa.

Na gwada. Ran da na sha shayi da burodi, kafin a fita tara yunwa ta dawo, ina bakin ƙofar makaranta wajen masu talla. Funkaso da zuma, abin alfaharinki, shi ma haka. Amma ran da na ci ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ko ɗanwake, ko wake da kwaɗon zogale, sai kiran azahar ya same ni ban tuna da abinci ba.

Ta kuma ce in ci a hankali, in kai rabi in dakata in saurari cikina. Wata rana na dakata, sai na ji wani abu ya zauna mini lif, hannuna ya ƙi komawa kwano, ga tuwo a gabana. Ashe wannan ne ƙoshi. Ban yi murna ba, Inna, gabana ne ya faɗi. Na haihu, na yi furfura, ban san shi ba. Ke kuwa har kika koma ga Allah ba wanda ya taɓa yi miki wannan tambayar.

Kuma ba kullum yake zuwa ba. Ranar sunan maƙwabta aka ajiye faifan alkaki kusa da ni, na saurari cikin ban ji komai ba. Sai ganin faifan na yi wayam.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ban faɗa wa kowa ba tukuna. Kin tuna tsinken itacen da ya soke ki a ƙafa, kika ce ba komai? Ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, har likitoci suka ce sai an yanke. Kika ce da ƙafafunki biyu za ki tafi wurin Ubangijinki, haka kuwa aka yi. To, takalmi ya goge mini babban yatsa tun kafin azumi, har yau bai kame ba. Kowace alwala sai na duba shi, in ga ko ya fara sauya launi. Autata Bilkisu ko kitso ba ta iya ba. Gobe zan kai wa likitar ta gani, kuma ban san abin da za ta ce ba. Da kina nan, da na ce ki raka ni ki riƙe mini mayafi kawai.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa. Ni kuma Ya ba ni lafiya da ikon janye hannuna, Ya bar ni in ga girman yaran nan. Amin.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Ladidi