Kujerar Umma

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Kujerar Umma ta iso lafiya. Shekara huɗu ina roƙonki ita tun rasuwarta kina cewa ke ce babba, sai ga ta a bayan mota ba ko sanarwa. Wallahi sai da na yi kuka. Har ƙonuwar dutsen guga na nan a hannun kujerar na dama. Auta ta ƙwace ta, a ciki take barcin rana kullum.

Abu ɗaya ke damuna. Kwana biyun nan wasu ƙuraje sun fito mata a cinya da baya, jajaye, a jere uku-uku. Susa take har ta yi jini. Ke da kika raini biyar, me kika gani?

Ƙanwarki

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya same ni. Sauro ne, ba wani abu ba. Na sha gaya miki kwatar bayan ɗakinki ba ta gudu, ba kya ji. Ki ɗaura gidan sauro, ki zubar da ruwan da ke kwance a tsofaffin bokitai, ki yanke mata farce, ki riƙa wanke wurin da sabulu. Yarinya 'yar shekara uku sai da tsabtar uwa, kuma ke tun kina ƙarama shara ba ta dame ki ba. Ki gaida maigidan.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don Umma ta koya mana gaisuwa ko rai a ɓace.

Duk abin da kika lissafa na yi. Na yashe kwata da hannuna, na saya mata sabon gidan sauro. Na karanta wa maigidan wasiƙarki, tun ranar yake bin ɗakina da kallo kamar mai neman datti. Ƙurajen ba su tsaya ba. Na cinyar hagu ya ɗuri ruwa, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Kwananmu shida a asibiti. Likita ya ce cizon kansa ba dafi gare shi ba, susar ce ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, da mun ƙara jinkiri da ta shiga jini. Ya ce wannan jerin ba na sauro ba ne, in je in duba ɗinkin katifa da kujeru.

Na kira mai feshin maganin ƙwari. Yana shiga falo ya ja ya tsaya, ya ce, “Hajiya, wannan kujerar ai na san ta. Mai ƙonuwa a hannu. Watan jiya na yi feshi a gidan da take, na ce wa matar a fitar da ita, kuɗin cizo sun yi gida a ciki.” Ya zura wuƙa a ɗinkin. Yaya, baƙi ƙirin, har da ƙwai.

Ranar da kika rubuta min “sauro ne”, kin sani. Abin da ke ci na ke nan. Ki ce min ƙarya yake yi.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na gaishe ki, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Bai yi ƙarya ba. Amma ki tsaya ki ji. Maigidana ya ce a ƙona ta, har ya sayo kananzir. Ni kuwa in tsaya ina kallo kujerar da Umma ta yi jinyarta a ciki tana ci da wuta? Na shanya ta kwana biyu a rana, na ɗauka sun mutu. Da kika rubuto maganar ƙuraje, kunya ta kama ni. Ni da kowa ke misali da tsabtar gidana, in buɗe baki in ce daga wurina suka fito? Na ce a raina cizo ne kawai, zai wuce. Ban taɓa zaton zai kai ga asibiti ba. Kujerar kuma ai ke kika daɗe kina so. Ki yi haƙuri, kada maganar ta fita.

Yayarki

*

Yaya,

Auta ta tashi, har tana gudu. Tabon dai likita ya ce ba zai ɓace ba.

Kujera ba ta ƙone ba. Kafinta ya yaye yadin da soson, muka ƙona su, muka kwarara wa katakon tafasasshen ruwa, mai feshi ya bi kowane lungu. Aikin wuni ɗaya ne. Layi ɗaya daga gare ki da ya isa.

Jiya Auta ta nuna min tabon, ta ce me ya cije ta. Na ce idan Antinta ta zo, ta tambaye ta.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki