Aguwar da Ka Dasa a Bakin Burtali

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga mahaifinta, da fatan makwancinka ya yi sanyi.

Baba, ɗanka Sale yana nan da ransa, kuma babu jinin kowa a hannunsa. Da wannan nake so in fara.

Bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Arewa ta ƙone, makiyaya suka gangaro garinmu Dogo tun mai gari bai saki gonaki ba. Shanun abokinka Arɗo Buba, waɗanda yanzu haƙarƙarinsu ake ƙirgawa, suka cinye waken Sale, abin da kaɗai ya yi rai a gonar. Ka san Sale: zafin zuciyarka ya gada, haƙurin ya bar maka. Ya ɗauko gatari, samarin Arɗo suka gyara sanduna. Kafin a gwabza, aka kira mai gari.

Ka tuna ranar da ka dasa aguwa a bakin burtali, muna yara? Ka ce, "Daga nan zuwa can hanyar shanu ce. Ko yunwa za ta kashe ku, kada ku sa fartanya." Muka yi ta dariya, wai Baba ya yanka wa shanu gona.

Bayan rasuwarka Sale ya sare ta, ya shiga burtalin da shuka, don ƙasar wurin ta sha taki. Ashe saiwar ba ta mutu ba. Da mai gari da Arɗo suka zo duba ɓarna, sai ga tohonta a jere, a tsakiyar waken. Shanun ba su ƙetare layinka ba, waken ne ya je ya same su.

Arɗo bai yi gori ba. Ya tsuguna, ya taɓa tohon, ya ambaci sunanka, hawaye suka zubo masa. Sale ya ajiye gatarinsa. Ba a kira jami'an tsaro na jandarma ba.

Yanzu shanun suna gonarmu, suna cin kara suna bar mana taki, kamar lokacinka. Jikokinka sun sha nono har sun manta da kukan yunwa.

Jiya na hango Sale a bakin burtali yana sake dasa aguwa. Da gatarin nan yake haƙa ramukan.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya shayar da kai kamar yadda ka bar wa dabbobi hanyar ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ɗiyarka mai kewarka,
Rabi